Saniyar ƙasar sanyi: jawabin malamin kiwo

Malamin kiwo ya ziyarci masu karatun manya, ya zo masu da hoton wata saniya mai gashi har bisa ido, da dogayen ƙahoni, ba ta da tozo. Jama'a suka yi ta dariya. Ya bari suka gama, sannan ya yi masu bayani.

Ya ce wannan saniya ta Sikotilan ce, can arewa da Ingila. Sunanta Hailan, wato ta kan tudu. Ƙasar duwatsu ce, ga ruwan sama, ga iska. Lokacin sanyi ƙanƙara tana rufe tudu, haki ya daina tsiro wata da watanni. Sanyin can shi ne raninsu, lokacin da bisashe ke shan wuya. Saboda haka mai kiwon shanun nama, kafin ya sayi saniya, sai ya tambayi kansa yadda za ta fita sanyi, da abin da za ta ci masa.

Akwai manyan shanu irin Sharole na Faransa. Bajiminsu yana wuce kilo 1000, kuma suna girma da sauri. Amma a kan tudu sai an gina masu ɗaki, a yi ta sayen abinci har sanyi ya wuce. Maraƙinsu babba ne, sau da yawa haihuwa na yi wa uwa wuya, sai an tashi da dare an kama mata, ko a kira likitan dabbobi. Duk kuɗi ne.

Ita Hailan kusan kilo 500 take. Gashinta riɓi biyu ne. Na waje dogo ne mai maiƙo, ruwa na zamewa bisansa. Na ciki gajere ne mai laushi, shi ke riƙe ɗumi. Don haka waje take kwana ko ana ƙanƙara. Tana cin haki mai tauri da ganyen da wasu shanu ke ƙi. Mafi yawa ita kaɗai take haihuwa, kuma tana iya wuce shekara 15 tana ba da maraƙi. Tun 1885 masu ita ke rubuta asalin shanunsu cikin littafi, mai saye ya san uwa, ya san uba. Akwai kuma Galowe ta kudancin ƙasar, mai jure sanyi ita ma, ba ta da ƙaho.

Malamin bai ɓoye aibinta ba. Ba ta girma da sauri. Sai an jira shekara biyu da rabi ko fiye kafin a kai sa mahauta, namansa kuma bai kai na Sharole yawa ba. Mai ƙasa mai kyau da abinci a rumbu yana iya zaɓen babba ya ci riba. Amma a ganin malamin, talakan kan tudu in ya bi girma, abinci da magani za su cinye masa kuɗin naman tun bai sayar ba.

Wani dattijo ya ce: to Malam, in ta kai haka ƙwari, a kawo mana ita mana.

Malamin ya ce a'a Baba, gashin da ke tsare ta can shi zai kashe ta nan cikin zafin bazara. Wadda ke yi mana irin wannan aiki ita ce Azawak, wadda ake kiwon irinta a Tukunus, kusa da Filinge. Ya ce duk mai niyyar sayen bajimi bana, ya fara tambaya ko uwarsa ta fita rani da ƙafafunta, ko kuwa sai da aka ɗaga ta.