Abin Da Ɓeran Ciyawa Ya Koya Mana Kan Lalurar Galahanga

An ba ni 'yan mintuna in yi bayani kan fannin da nake digirin digirgir a ciki. Ni injiniya ne, aikina shi ne haɗa kyamarori da manhajar kwamfuta da ke auna motsin ƙananan dabbobi, kuma yau zan yi magana kan wani ɓera da alaƙarsa da lalurar galahanga, wadda Turawa ke kira otizim.

Mun san yadda ake kallon abin a gida. Yaro ya kai shekara uku bai fara magana ba, ba ya haɗa ido da mutane, ƙara kaɗan ta firgita shi, sai a ce aljanu ne ko jifa, ko kuma a ɗora wa uwar laifi. Su ma Turawa sun taɓa hakan. Bayan Leo Kanner ya bayyana lalurar a yara 11 a shekarar 1943, an shafe shekaru ana cewa rashin ɗumin uwa ne ke jawo ta. Amsar wannan zargi kuwa daga maƙwabtanmu ta fito. A Cibiyar Nazarin Lafiyar Ƙwaƙwalwa da ke Denmark Hill, nan kudancin Landan, Susan Folstein da Michael Rutter suka nazarci tagwaye haihuwa 21 a 1977. Cikin 11 na tagwaye masu kama ɗaya, an samu 4 da dukansu biyun ke da lalurar. Cikin 10 na marasa kama, ko ɗaya babu. Wato dai gado na da hannu a ciki. Wani bincike na 2019 da ya duba mutum miliyan 2 a ƙasashe biyar ya ƙiyasta rabon gado da kusan kashi 80 cikin 100.

To, an san gado ne, amma yaya yake aiki a ƙwaƙwalwa? Ba za a buɗe kan yaro a duba ba. Mu injiniyoyi idan za mu gina gada, sai mu fara gwada ƙaramin samfuri. Masana ma sai suka nemi dabbar da ke da zumunci irin namu. Ɓeran ɗakin gwaji da aka saba da shi bai damu da abokin zama na dindindin ba. Amma akwai wani ɓeran ciyawa a tsakiyar Amurka, sunansa na kimiyya Microtus ochrogaster. A shekarun 1970 wani masani a Illinois, Lowell Getz, ya lura tarkonsa na yawan kama namiji da mace tare, kuma su ɗin dai ake sake kamawa. Ashe zaman aure suke, rami ɗaya, kuma uban na taya rainon 'ya'ya. Cikin dabbobi masu shayarwa, waɗanda ke haka ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Ɗan uwansa na kusa, Microtus pennsylvanicus, kamarsu ɗaya, amma shi da ya yi barbara ya kama gabansa.

Gwajin ba shi da wuya. Ana haɗa namiji da mace kwana guda, sannan a saka ɗayansu a akwati mai ɗaki uku: abokin zama a wannan gefe, baƙo a wancan. Sai a ƙirga tsawon awa uku, wa ya fi raɓa. A da ɗalibi ne zai zauna da agogo yana ƙirgawa. Yanzu kyamara da kwamfuta ke yi, kuma nan ne irinmu ke shigowa.

Sue Carter da Thomas Insel da Larry Young sun gano sinadarai biyu na ƙwaƙwalwa ne kan gaba a wannan shaƙuwa: oksitosin da basofiresin. Oksitosin ba baƙo ba ne gare mu, shi ne allurar naƙuda da ake yi a asibitocinmu, kuma Henry Dale ne ya fara lura da tasirinsa ga mahaifa a 1906, a Herne Hill, ba nisa daga Croydon ɗin nan. Ku ɗauki sinadarin a matsayin mabuɗi, ƙwaƙwalwa kuma na da kwaɗon da yake buɗewa. Ɓerayen biyu duk suna da mabuɗin, bambancin shi ne inda aka rataya kwaɗon. A mai zaman aure, kwaɗon ya taru a sashen da ke sa a ji daɗin abu a so a sake. A 2004, a Jami'ar Emory, aka ƙara wa namijin da ba ya zama kwaɗon basofiresin a wannan sashe, sai ga shi ya maƙale wa mace ɗaya.

Murna ta yi yawa, har jaridu suka laƙaba wa oksitosin sunan sinadarin ƙauna, aka fara tunanin an samu magani. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. A 2021 aka wallafa gwajin da aka yi wa yara 290 masu galahanga a Amurka, ana fesa musu oksitosin a hanci tsawon mako 24. Ba su fi waɗanda aka fesa wa ruwan da ba magani ba. Sai a 2023, ƙungiyar Devanand Manoli da Nirao Shah a Kalifoniya suka yi amfani da fasahar CRISPR suka cire kwaɗon oksitosin gaba ɗaya daga ɓeran. Abin mamaki, ya ci gaba da zaman aurensa, matan suka haihu suka shayar, sai dai 'ya'yan da suka kai yaye sun ragu.

Ni wannan bai ba ni tsoro ba. Duk injiniyan da ya ja wuta a asibiti ya san ba a dogara da layi ɗaya, akwai janareto, akwai sola. Abu mai muhimmanci kamar shaƙuwar uwa da ɗa, da alama ƙwaƙwalwa ma ta tanadar masa hanya fiye da ɗaya. Haka gadon yake, zuwa 2020 an lissafa ƙwayoyin gado 102 da ke da alaƙa da lalurar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma ɓera ba ya galahanga, ba ya magana balle a ce ya makara. Abin da yake nuna mana shi ne yadda wayoyin zumunci ke haɗe a ƙwaƙwalwa.

Saboda haka ga saƙona gare mu. Da yawa cikinmu mu ake kira daga Kano ko Maraɗi a ce, kai da ke Turai, ka nemo mana magani. Idan kuka ga feshin oksitosin ana tallarsa a intanet, kada ku saya wa ɗan kowa. Idan aka ce rigakafi ne ke jawo lalurar, ku faɗa musu takardar da ta yaɗa wannan magana a 1998 an janye ta a 2010, kuma an soke lasisin likitan da ya jagorance ta. Abin da ke taimako shi ne a kai yaro a duba shi da wuri, a koya masa hanyar isar da buƙatarsa, a sa shi makaranta, a daina ɓoye shi a ɗaki. Sannan a sassauta wa uwar, domin ba laifinta ba ne.

Ku kuma ƙannena masu karatun lantarki, lissafi da kwamfuta, kada ku ce wannan fagen likitoci ne kaɗai. Yawancin bayanan gadon da aka tattara na Turawa ne, na 'yan Afirka kaɗan ne ƙwarai, kuma kayan gwajin da ake tantance yara da su ana buƙatarsu cikin Hausa. Aikin yana jiran mu.