Jawabi a taron makiyaya: yadda ƙwayar gawo take tsira



Kullum ana cewa mu ne masu kashe daji. To yau ina so mu duba wanda yake shuka shi.

Ku ɗauki ƙwayar gawo ko ta bagaruwa ku ciza, za ku ji kamar tsakuwa. Ɓawonta ba ya barin ruwa ya shiga, shi ya sa takan kwana cikin ƙasa damina ta wuce ba ta motsa ba. Amma idan saniya ko akuya ta ci ƴaƴan gawo da rani, ɗumin ciki da ruwan tumbi suna lasar ɓawon. Wasu ƙwayoyin su narke, wasu su fito lafiya cikin kashi, da takinsu a shirye. Kuma dabba ta riga ƙwaro, wanda yake huda ƙwayar idan ta daɗe a gindin itace. Ku lura da tsohon mashekari bayan damina biyu, ku ƙirga ƴan itatuwan da suka fito.

Masu renon itace cikin leda suna kwaikwayon wannan aiki ne. Sukan tafasa ruwa, su sauke, su zuba iri ya kwana ya wuni, ko su ɗan kankare gefen ƙwayar da wuƙa. Ƙasar kuwa rairayi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Na ce ruɓaɓɓe, don ɗanyen kashi da aka tara yana zafi, yana ƙone saiwa. Laka zalla kuma tana riƙe ruwa har iri ya ruɓe. Na taɓa asarar leda ɗari a haka, don rowar ɗauko yashi.

Sai maganar zafi. Iri yana son ƙasa mai ɗumi, kamar awo 25 zuwa 30. Da hunturu yana nawa. Da bazara kuma rairayin tsakar rana yana dafa ɗan tsiro, sai an yi masa rumfar zana. Ku shuka wajen watan Afrilu, ku dasa idan ruwa ya zauna, kafin saiwar gawo ta huda leda, don ita ƙasa take nufa tun tana ƙarama.

Sarakunan Damagaram na dā sun hana saran gawo. Dokar kiwo ta Nijar ta 2010 kuma ta ce yawon kiwo haƙƙinmu ne. Idan ma'aikacin gandun daji ya tare ku a burtali, ku kai shi mashekarinku na bara waccan ya gani. Sai dai tsiron da saniya ta shuka, akuya tana cinye shi, don haka kowane zango ya kewaye ko goma da ƙaya har su fi ƙarfin bakinta.

Wassalam.