AWON ƘURA A SARARIN SAKKWATO: WACE HANYA TA FI DACEWA?



Bahaushe ba baƙon ƙura ba ne, kuma harshensa ya shaida haka. Yana da "ƙura", wadda ƙafa ko kofato ko mota ke tayarwa. Yana da "hazo", wanda ke lulluɓe gari har rana ta koma kamar faifan azurfa, a dube ta ido bai ƙyafta ba. Yana da "guguwa" mai murɗawa, da "jaura" mai sanyi, sa'an nan yana da "hunturu", lokacin da ke tattare da mafi yawansu. To, amma duk yawan kalmomin nan babu wadda za ta gaya wa likita ko mai duba makarantu ko nawa ne nauyin abin da yaro ya shaƙa daga safe zuwa azahar. Wannan aikin ma'auni ne. Maƙasudin wannan lacca shi ne a gwama hanyoyin da ake bi wajen awon, a ga abin da kowace ke iya faɗi game da Sakkwato, da kuma inda take yin shiru.

Da farko ya kamata a san abin da ake aunawa. Galibin hazon da ke sauka Sakkwato tsakanin Nuwamba da Maris daga ƙasar Chadi yake tasowa, musamman daga kwarin Bodele, kusa da Faya-Largeau. Wurin tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, iska kuwa tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi farin garin da ke shimfiɗe a can, ta yo yamma maso kudu da shi. Idan ya iso sai ya tarar da 'yan gida, watau ƙurar hanyoyin da ba kwalta, da hayaƙin itacen girki, da na babura da janareta, da na bolar da aka cinna wa wuta. Masana suna raba ƙwayoyin nan bisa girmansu da ma'aunin maikuron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kai ya kai wajen maikuron 70. Ƙwayar da ba ta wuce maikuron 10 ba, ita ake kira PM10, tana iya ƙetare hanci da maƙogwaro. Wadda ba ta wuce 2.5 ba, watau PM2.5, tana kutsawa har can ƙuryar huhu. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin yini ya wuce mikrogiram 45 na ta farko, ko 15 na ta biyu, a cikin kubik mita ɗaya na iska.

Hanya mafi tsufa kuma mafi sauƙi ita ce a girka bokiti ko faranti a kan dogon ƙarfe, a bar shi wata guda, sa'an nan a auna abin da ya zuba a ciki. Matar aure da ke share dandamalin ɗakinta sau uku a yini da hunturu ta riga masana gane hikimar. Tara ƙurar da ke sauka shi ne ginshiƙin binciken da Grant McTainsh ya yi a Kano, wanda mujallar Nature ta buga a 1980. Hanyar tana da amfani ga manomi da masanin ƙasa, domin ƙurar hunturu taki ce ga gona. Amma ga likita amfaninta kaɗan ne. Abin da ya faɗa bokiti mai nauyi ne, mai shiga huhu kuwa yana can yana shawagi.

Ta biyu ita ce ido. A filin jirgin saman Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, kamar sauran tashoshin yanayi, ma'aikaci yakan fito a kan kari ya dubi alamun da aka san nisansu, ya rubuta iyakar inda ganinsa ya tsaya. In ya kasa mita 1,000, an shiga hazo mai kauri ke nan, jirage sukan fasa tashi da sauka. Wasu sukan raina wannan hanya, su ce ba kimiyya ba ce. Kuskure ne. Babu wani ma'auni a ƙasar Hausa da ke da dogon tarihi irin nata, domin tun zamanin Turawa ake cika littattafan nan, kuma yanzu suna hannun hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda aka kafa a 2003. Wanda ke son sanin ko hazon farin 1973 da na 1984 ya fi na shekarun baya-bayan nan, ba shi da wata madogara a ƙasa sai su. Rauninta dai a fili yake. Idon wani ya fi na wani, dare ba kamar rana ba ne, kuma ido ba ya bambanta hayaƙi da ƙura.

Hanya ta uku ita ce uwa, da ita ake gwada sauran. Inji ne mai zuƙar iska ta cikin takardar tacewa har tsawon sa'a 24. Ana auna nauyin takardar kafin a sa ta, a kuma auna bayan an cire, a raba bambancin da yawan iskar da ta ratsa. Babban injin irin wannan yakan zuƙi fiye da kubik mita 1,500 a yini. A baki abin da sauƙi. A aikace kuwa sai an ajiye takardar a ɗakin da aka daidaita zafinsa da laimarsa, sai an sami sikeli mai ganin abin da bai kai nauyin ƙwayar gero ba, sai kuma wutar lantarki ta tsaya daga farko har ƙarshe. In aka ɗauke wuta da tsakar dare, awon ranar ya tashi a banza. In hazo ya yi kauri ƙwarai, takardar takan toshe tun yini bai cika ba. Daɗin daɗawa, sakamakon ba ya fitowa sai bayan kwanaki, lokacin mai asma ya riga ya kwana a asibiti.

Duk da haka, tana da wata daraja da babu mai ita sai ita, watau ana riƙe ƙurar a hannu. Launin takardar kansa labari ne, domin ta hamada takan fito ruwan ƙasa, ta hayaƙi kuwa baƙa. In aka kai ta ɗakin gwaji ana iya sanin abin da ke cikinta. Alal misali, kamfanin siminti na Kalambaina, wanda ya fara aiki a 1967, yana yamma da birni. Da hunturu iska daga gabas maso arewa take busowa, da damina kuwa sai ta juyo daga yamma maso kudu. In da gardama za ta tashi a kan ko ƙurar wata unguwa ta masana'anta ce ko ta Sahara, ba rantsuwa za ta raba ta ba. Garin siminti yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa mai yawa, na hamada kuwa yashi da laka sun rinjaya a cikinsa, takardar ce za ta nuna wanda ya fi.

Don a kauce wa jinkiri ne aka ƙera injuna masu sarrafa kansu. Wani yana tara ƙura a kan zaren takarda, ya harba mata wani haske marar ganuwa da ake kira beta, ya lissafa nauyinta daga yawan abin da ta tare, ya ba da amsa kowace sa'a. Wani kuma yana da ɗan bututu mai karkarwa, wanda karkarwarsa ke raguwa gwargwadon ƙurar da ta taru a kansa. Irin wannan na biyu aka girka a 2006 a Banizumbu, gabas da Yamai, da Cinzana a Mali, da Mbur a Senegal. A Banizumbu an ga ranakun da matsakaicin PM10 ya haura mikrogiram 1,000, a tuna kuwa shawarar Hukumar Lafiya 45 ce. Injunan suna da tsada, suna son ɗaki mai sanyi da mai kula da ya ƙware.

Saboda tsadar nan ne hankalin jama'a ya koma ga 'yan ƙananan na'urori, waɗanda girmansu bai fi gwangwanin madara ba, masu aika sakamako ta intanet. A nan ya kamata ma'aikacin da ke sa hannu a takardar sayen kaya ya natsu. Na'urar ba ta auna nauyi ko kaɗan. Hasken leza take haskawa, ta ga yadda ƙwayoyi suka warwatsa shi, sa'an nan ta yi kirdadon nauyin bisa lissafin da aka ɗura mata a ma'aikata. Lissafin kuwa ya fi dacewa da hayaƙi. An gwada, an ga masu araha daga cikinsu ba sa ganin manyan ƙwayoyi sosai, saboda haka sukan rage ƙurar hamada ragi mai yawa. Da damina kuma laima takan kumbura ƙwayoyin, sai na'urar ta yi ƙari. Ma'ana, ana iya wayar gari a Sakkwato mutum bai hango ƙarshen layinsu ba, allon na'ura na cewa iska ba laifi. Araha ba ta ado.

Wannan ba sabon tuntuɓe ba ne. A Ingila, inda hazon hayaƙi na Disamban 1952 ya kashe dubban mutane a London, an daɗe ana awo ta hanyar duba baƙin tabon da iska ta bari a kan takarda. Ma'auni ne da aka yanka wa hayaƙin kwal. Da an kawo shi bakin Kofar Kware a tsakiyar Janairu, da ya ga tabo mai haske ya ce lafiya lau. Kowane ma'auni da irin ƙurar garin da aka haife shi.

Saura na sama. Tun daga 1999 da 2002, lokacin da aka harba taurarin Terra da Aqua ɗauke da na'urar MODIS, ana ganin ƙurar Bodele tana tashi kamar farin mayafi, har a yi gargaɗi kafin ta iso. Akwai kuma na'urar duban rana a Jami'ar Ilori tun 1998, mai auna yawan hasken da ƙura ta tare. Dukkansu jimillar abin da ke tsakanin ƙasa da sama suke gani. Ƙura na iya wucewa can bisa, a ƙasa ana shaƙar iska mai kyau, ko kuma ta kwanta daidai hanci. Gajimare ma yakan rufe musu ido.

To, wace ta dace da Sakkwato? Ya danganta da tambayar. In tambayar ita ce ko hazo zai iso gobe, tauraro da ofishin yanayi sun fi kowa. In ita ce ko ya kamata a hana yara taron safe a fili, ko asibiti ya shirya wa masu ciwon ƙirji, to sai inji mai ba da amsa kowace sa'a, kuma lalle ya auna PM10, kada a tsaya ga PM2.5 kaɗai. Batun ya wuce tari da mura, domin Sakkwato tana cikin yankin da sanƙarau ke addaba da rani, kamar yadda aka gani a 1996 da 2017, kuma masana suna danganta lokacinsa da bushewar iska da ƙura.

Abin da ya fi kama hankali shi ne a fara da tasha ɗaya ingantacciya a cikin birni, mai inji da takardar tacewa, da wutar rana ta kanta. Kowace ƙaramar na'ura a fara ajiye ta gefen tashar tsawon hunturu guda da damina guda, a san gwargwadon kuskurenta, kafin a kai ta Mabera ko Arkilla ko bakin babbar kasuwa. A riƙa gwama awon tashar da na ido a filin jirgi, domin in aka gano dangantakarsu, tsofaffin littattafan nan za su fara magana da mikrogiram. In kuɗi ya ƙaru, tasha ta biyu a kai ta gabas maso arewa, wajen hanyar Wurno, inda iskar hunturu ke ratsawa kafin ta shigo gari. Abin da ta cikin birni ta nuna, a debe na hanyar Wurno, ragowar ita ce ƙurar da Sakkwatawa ke tayarwa da kansu, kuma wannan kason ne hukumar muhalli ta jiha da NESREA ke da ikon ragewa.