Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Sabbin Likitoci

 

'Ya'yana da aka rantsar yau, farar rigar nan da kuka sa amana ce, kuma a kan amana zan yi magana. Ku ba ni dama in kai ku ƙasar Sin, inda aka daɗe ana tauna wannan batu.

An haifi malaminsu Konfushiyas a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa, a ƙasar Lu, cikin lardin Shandong na yanzu. Wata rana almajirinsa Zigong ya tambaye shi abin da ke riƙe mulki. Ya lissafa masa abinci da makamai da yardar talakawa, ya nuna cewa in tura ta kai bango a saki makamai, sannan abinci, amma ban da yarda. Haka asibiti yake. Magani kan yanke, wuta kan ɗauke, aiki ya ci gaba. Ranar da marar lafiya ya daina yarda da bakinka kuwa, aikinka ya tsaya.

A koyarwar Konfushiyas, kowane mutum ɗan wani ne, uban wani, mijin wata. Shi ya sa a asibitocin Sin likita kan fara sanar da dangi idan gwaji ya nuna ciwon daji. Mu ma mun san wannan. Babban ɗa zai ja ka gefe, ya sassauta murya: "Likita, don girman Allah kada ka gaya wa Baba." Tausayi ne ya sa shi, kada ku raina shi.

Sai dai al'adar tana da ramin da ake faɗawa. A Nuwamban 2007, a wani asibiti a Beijing, wata mai juna biyu ta rasu tare da abin da ke cikinta, bayan mutumin da ya kawo ta ya ƙi sa hannu a yi mata tiyata. Ƙasar ta girgiza. Daga baya doka ta ba asibiti ikon ceton rai a halin gaggawa, kuma kundin dokokin da ya fara aiki a 2021 ya ce marar lafiya ne za a fara yi wa bayani, dangi sai in hakan ya gagara ko bai dace ba. Wane ne a cikinmu bai taɓa ganin mace tana naƙuda ana jiran sa hannun miji ba?

Konfushiyas kansa ya koyar cewa ɗa na gari yakan yi wa iyayensa gyara cikin ladabi idan sun kauce. To ku ma haka. Ku zaunar da dangi, ku saurare su, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan ku ja kujera kusa da gadon Baba, ku tambaye shi: "Baba, kana so in yi maka bayanin abin da muka gani, ko da yaranka zan yi magana?" Duk wanda ya zaɓa, shi ya zaɓa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Allah ya sa waraka a hannuwanku, ya ba ku ikon riƙe amanar bayinsa, ya saka wa iyaye da malamanku da alheri.