Gashinmu da Yadda Ya Kamata Mu Riƙe Shi



Mun san akwai waɗanda suka yi murmushi sa'ad da suka ji abin da za mu yi magana a kansa yau, suna cewa a ransu, ina ruwan jami'a da zancen makitsiya da wanzami? Ba mu ga laifinsu ba. Amma muna roƙon su yi mana haƙuri kaɗan, domin kuwa abin da ke cin kuɗin guzurin ɗaliba kowane wata, ya kuma bar wata da sanƙo tun ba ta kai shekara talatin ba, har ya sa wani ya shiga ɗakin ganawar neman aiki gabansa na faɗuwa, bai cancanci a kira shi ƙaramin al'amari ba.

Bari mu fara da tambayar da ta fi kowace sauƙi: me ya sa gashinmu yake nannaɗe, na wasu kuwa yake miƙe? Amsar tana ƙarƙashin fata. Kowane silin gashi yana fitowa ne daga wani ɗan rami. Idan ramin miƙaƙƙe ne, silin yakan fito a mulmule, ya miƙe. Namu ramin lanƙwasasshe ne, saboda haka silin yakan fito da ɗan faɗi, yana murɗewa tun daga tushe. Daga wannan siffa abubuwa biyu suke biyowa. Na farko, fatar kai tana fitar da wani maiƙo na halitta wanda aikinsa shi ne ya bi silin gashi ya lulluɓe shi. A miƙaƙƙen gashi hanya a buɗe take, amma a namu sai maiƙon ya maƙale a lanƙwasar farko, bakin gashi ya zauna a bushe. Na biyu, duk inda silin ya murɗe, nan ne rauninsa, nan ne kuma yake tsinkewa idan mataji ya fizge shi. Ashe ke nan gashin da ake yi wa kallon mai tauri ya fi kowane irin gashi bukatar lallashi.

Daga nan sai maganar tashin gashi, watau yadda mutum zai gyara kansa tsaf da safe, kafin azahar ya ga ya yi buzu-buzu kamar bai taɓa ganin mataji ba. Silin gashi yana da ɓawo a bayansa, mai hawa-hawa kamar ɓawon kifi. Idan ɓawon nan a kwance yake, gashi yakan yi sheƙi da santsi. Idan ya ɗaga, saboda bushewa ko wuta ko sabulu mai kaifi, sai laimar iska ta kutsa ciki, silin ya kumbura, kowanne ya kama gabansa. Gashi yana jin laima ƙwarai da gaske, har ma a shekarar 1783 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna de Saussure ya ƙera ma'aunin laimar iska da silin gashin mutum, domin ya lura yana ƙara tsawo idan iska ta jiƙe, ya koma idan ta bushe. To, mu a ƙasarmu muna tsakanin abokan gaba biyu. Da hunturu iska takan bushe ƙarau, ta tsotse ɗan ruwan da ke cikin gashi, ya riƙa karyewa kamar kara. Da damina kuwa, musamman a watan Agusta, laima ce takan tayar da shi. Wanda ya riƙe kansa da dabara ɗaya a duk shekara bai lura da ƙasar da yake zaune ba.

Jama'a, da a ce matsalar ta tsaya ga iska da ruwa, da da sauƙi. Akwai wata wadda ta shigo mana ta ƙofar tarihi. A Amurka, inda aka daɗe ana nuna wa baƙar fata cewa gashinsa abin kunya ne, a nan sana'ar miƙar da gashi ta kafu. Madam C. J. Walker, wadda ta rasu a 1919, ta yi arziki da sayar da man gashi, kuma wakilanta sun yaɗa amfani da matajin ƙarfe da ake gasawa a wuta. Garrett Morgan na birnin Cleveland ya kafa kamfanin man miƙar da gashi a 1913. A Afirka ta Kudu, zamanin mulkin wariyar launin fata, har fensir ake soka wa mutum a kai: in ya zame ya faɗi, a sa shi a wani aji, in ya maƙale, a sa shi a wani. Cikin shekarun 1960 da 1970 matasa baƙaƙe suka yi wa wannan raini tawaye, suka bar sumarsu ta tashi, aka san irin su Angela Davis da ita, guguwar kuma ta iso har jami'o'inmu. Amma ba a gama ba. A 2016 'yan mata ɗalibai na wata sakandare a Pretoria sai da suka yi zanga-zanga a kan ƙa'idojin da suka takura wa gashinsu na halitta, kuma sai a 2019 Jihar Kaliforniya ta kafa dokar da ta hana nuna wa mutum bambanci a wurin aiki ko makaranta saboda gashinsa. Mu ma nan gida ba mu tsira ba. Mun san ofisoshin da ake yi wa sabuwar ma'aikaciya raɗa cewa ta je ta gyara kanta, alhali kuwa kitsonta tsaf yake, abin nufi shi ne ta je ta miƙar da shi.

Ba mu zo nan don mu zagi wadda ta shafa man miƙarwa ba, domin da yawa daga cikinmu mun shafa. Abin da muke so shi ne kowa ya san abin da yake ɗora wa kansa. Yawancin mayukan nan masu ƙarfi da soda ake yin su, irin wadda ake dafa sabulu da ita. Aikinta shi ne ta tsinka ƙullin da ke riƙe da siffar silin gashi daga ciki, kuma abin da ta tsinka ba ya sake ƙulluwa yadda yake. Shi ya sa take ƙona fatar kai idan ta jima, shi ya sa kuma gashi yake karyewa a daidai mahaɗar sabon tsiro da tsohon da aka miƙar. Bugu da ƙari, a watan Oktoba na 2022 masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka sun buga sakamakon bin diddigin mata fiye da 33,000 na kusan shekara 11. Sun sami cewa matan da ke shafa irin waɗannan mayuka fiye da sau huɗu a shekara sun ninka sauran wajen kamuwa da sankarar mahaifa: kimanin kashi 4 cikin 100 kafin shekara 70, a maimakon kashi 1.6. Masu binciken da kansu sun ce alaƙa suka gani, ana bukatar ƙarin nazari. Duk da haka, mai hankali ba ya jin ana ƙishin-ƙishin ɗin akwai rami a hanya ya ƙara sauri. Wadda ta ga lalle sai ta shafa, to kada ta maimaita kafin mako takwas, a sa wa sabon tsiro kaɗai, kada kuma a shafa a kan fatar da aka sosa ko take da ƙurji.

Kada kuma mu ɗauka cewa duk abin da yake namu na gargajiya ba shi da aibi. Kitso gado ne mai daraja. Mai ɗaukar hoto J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara tattara hotunan kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara kusan dubu, yau ana nuna su a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Amma kitso mai tsananin ɗauri, wanda ake jan gashin goshi har girar mace ta ɗaga, har ta kwana biyu ba ta iya sa kai a matashi, shi ne babban dalilin da ya sa goshin 'yan matanmu yake ja da baya. Nauyin gashin doki da ake ƙarawa yana daɗa tsananta abin. Da fari gashin yakan dawo idan aka sassauta, amma idan aka shekara da shekaru ana ja, tushen yakan mutu, ya bar tabo, kuma babu man da zai tayar da shi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kitson da ya yi zafi ya yi tsauri. Ki gaya wa makitsiya ta sassauta, ko da kuwa gwaggonki ce. Kada kitso ya wuce mako shida zuwa takwas, kuma bayan tsifa a bar kai ya huta kwana kaɗan.

To, mene ne abin yi yau da gobe? Abu na farko, mu san cewa ruwa ne ke jiƙa gashi, mai kuwa rufe shi yake yi don kada ruwan ya tsere. Wanda ya lafta basilin a busasshen kai bushewa ya rufe a ciki. A fara yayyafa ruwa, sa'an nan a bi da ɗan man kaɗanya ko man kwakwa, a fi mai da hankali ga bakin gashi, domin shi ne mafi tsufa. Na biyu, a wanke kai sau ɗaya a mako ko a mako biyu, da shamfu marar kaifi, ban da sabulun wanki da garin omo. Karkashin da kakanninmu suke wanke kai da shi ba wauta ba ce: yauƙinsa yana sa sili ya zame a kan sili, cukurkuɗewa ta warware ba tare da fizga ba, aikin da yau ake sayar mana da shi a kwalba da tsada. Na uku, kada a taje gashi a bushe. A raba shi kashi-kashi yana da danshi, a fara da yatsu, a bi da mataji mai faɗin haƙora, daga baki zuwa tushe. Na huɗu, bayan wanka a matse ruwan da tsohuwar riga mai laushi, kada a goge da tawul, domin gugar ce take ɗaga ɓawon nan da muka ambata. Na biyar, a kwana da kallabi mai santsi, saboda auduga tana shan maiƙon kai. Da hunturu a ƙara mai a rufe kai daga ƙura, da damina a rage mai a kama gashi da kitso sassauƙa.

'Yan'uwanmu maza masu tara suma, wannan magana har da ku. Mataji mai dogayen haƙora a kan busasshiyar suma ɓarna yake yi, sai a jiƙa ta tukuna. Kowa kuma ya lura da tsabtar askar wanzami da injin mai aski, domin makero da ƙurajen ƙeya ta nan suke yawo.

Daga ƙarshe, muna roƙon a yi haƙuri da gashi. Tsawon da yake ƙarawa a wata bai wuce kimanin santimita ɗaya ba, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Mafi yawan masu kukan cewa gashinsu ba ya tsiro, tsiro yake yi, karyewa ce take cinye shi ta baki. Duk mai tallan da ya ce mansa zai kai miki gashi gadon baya cikin wata guda, aljihunki yake nema. Wadda kuwa ta ga gashinta yana zuba a wuri guda, ko fatar kai tana ƙaiƙayi da ƙuraje, ta tafi asibiti wurin likitan fata tun da wuri.

Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a ɗakin nan, nan da 'yan shekaru su ne za su zauna a kujerun ɗaukar ma'aikata, su ne shugabannin makarantu masu rubuta ƙa'idar shiga aji. Ranar da yarinya ta tsaya a gabanku da kitsonta ko da gashinta yadda aka halicce shi, in dai da tsabta, ku dubi takardunta da aikinta. Wannan ita ce bukatarmu a gare ku.