Zaren Roba Daga Tsiro: Ina Rabon Haɗeja?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Kwamitin shirya wannan taro ya umarce ni da in yi magana a kan wata na'ura wadda ake ƙera ƙananan kayayyaki da ita a cikin ɗaki, da kuma zaren robar da take ci. Turawa na kiranta firinta 3D. Duk wanda ya taɓa ganin injin taliya ya rigaya ya san rabin aikinta. Ana ɗura mata zare mai kaurin milimita 1.75, ta narkar da shi a zafin da ya kai digiri 200, sannan ta riƙa zuba shi ta wani ɗan tsukukun baki, hawa bisa hawa kamar yadda magini yake ɗora tukunya, har siffar da aka zana a kwamfuta ta fito.

Wani Ba'amurke mai suna Scott Crump ne ya nemi rajistar wannan fasaha a shekarar 1989. Da wa'adin rajistar ya ƙare a 2009 sai farashi ya karye, na'urar ta shiga hannun ɗalibai da masu sha'awa. Kafin nan ma, a 2005, Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara wani shiri mai suna RepRap, wanda ya saki zanen na'urar kyauta ga kowa.

Zaren da aka fi amfani da shi ana kiransa PLA, kuma asalinsa tsiro ne. Ana ɗebo sitacin masara ko rogo, ko ruwan rake, a mai da shi sukari, a sa masa ƙwayoyin bakteriya su tsamar da shi. Tsamin da ke fitowa shi ne dai wanda muke ji a cikin nono. Daga nan masana'anta ke harhaɗa shi har ya zama roba. Kamfanin NatureWorks yana yin wannan da masara a garin Blair na jihar Nebraska tun 2002, akwai kuma wata masana'anta a Rayong ta ƙasar Tailan da aka buɗe a 2018, ita da rake take aiki.

To, a nan sai mu yi hattara. Za ku ji 'yan kasuwa na cewa wannan roba tana ruɓewa. Tana ruɓewa, amma sai a wurin takin da aka tanada musamman, mai danshi da zafin kusan digiri 60. In aka jefa ta a kwata, za ta zauna daram kamar ledar da ke toshe mana magudanu kowace damina. Sannan ba ta jure zafi, daga digiri 60 take fara laushi. Wanda ya bar abin da ya ƙera a cikin rufaffiyar mota da azahar a watan Afrilu a garin nan, zai dawo ya tarar ya lanƙwashe.

Ni a nawa ganin, ba mu da masarar da za mu mayar roba alhali ana neman ta tuwo. Rabonmu yana cikin abin da muke zubarwa. Kamfanoni suna cuɗa garin katako ko na gora a cikin PLA, zaren ya fito da kama da ƙanshin itace, kuma masu bincike sun gwada hakan da buntun shinkafa. Buntu kuwa ga shi nan tsibi-tsibi bayan kowane injin casa, wani lokaci ma wuta ake sa masa. Aibinsa shi ne yana da kaifi irin na rairayi, yana cinye bakin na'ura na tagulla, sai an sa na ƙarfe, kuma dole a niƙa shi lilis domin ramin bakin bai wuce milimita 0.4 ba.

Sai kacalla. Ba sai na gaya wa mutanen Guri da Kirikasamma irin ta'adin da ta yi ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani yadda ya saba, ciyawar ta sami ruwan da take so shekara zagaye. Ta toshe hanyoyin ruwa irin su Burum Gana, ta cinye fadamu, ta hana masunta jefa koma, ta kuma zama maɓoyar jan baki. Mutanen Sanagal sun gamu da irin wannan bayan gina madatsar Diama a 1986, yanzu suna yin gawayi da kayan rufin ɗaki da ita. Ciyawa ce mai zare a jiki, ga ta kyauta. Ina roƙon malaman Kwalejin Binyaminu Usman da ke nan garin, da na Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, su busar da ita, su niƙa, su cuɗa da PLA su ga abin da zai fito. Kada dai wani ya ɗauka wannan zai ƙarar da kacalla. Nadi guda na zare kilo 1 ne kacal, kacalla kuwa ko da tankar yanka an sha fama da ita.

Abin da nake nema daga wannan ƙungiya ƙarami ne. Mu sayi na'ura guda ɗaya mu ajiye a ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, tare da faranti da batirin hasken rana, domin aiki ɗaya kan ɗauki sa'o'i, in wuta ta ɗauke a tsakiya kuwa an yi asara. A tanadi bokiti mai murfi na ajiye zare saboda danshin damina. Malamin kimiyya zai iya ƙera siffar zuciya da ta ƙashi yaro ya riƙe a hannunsa, maimakon zanen allo da mu muka haddace. Ma'aji yana da lissafin kuɗin, zai karanta shi bayan an ci abinci, kuma na rubuta sunana a farkon takardar gudummawa.