Jawabi ga Hakimai a kan Tarin Fuka Mai Ƙin Magani

In mai tarin fuka ya yanke magani tun bai warke ba, ƙwayar cutar takan ƙi jinsa daga baya.

A 2018 wata ƙwaya, dangin ta tarin fuka, ta gagari magunguna a jikin wata yarinya a Landan. Sai likitoci suka ɗura mata waɗansu ƙananan halittu iri uku masu kashe ƙwayar, ɗayansu daga ruɓaɓɓen yalo aka samo shi a Afirka ta Kudu. Yarinya ta sami sauƙi. Amma kan tarin fuka, bincike bai ƙare ba tukuna.

Don haka hakimai, daga Banga har Zurmi da Shinkafi, su sa malamansu su rubuta wa dagatai: mai tarin mako 2 a kai shi asibiti. Magani kyauta ne, wata 6 ake sha, ba fashi. Allah ya kiyaye.